Yadda Ake Kwana a Tanti Kan Tsaunin Mambila da Damina Ba Tare da Ruwa da Sanyi Sun Yi wa Mutum Illa Ba

Mutumin da ya tashi a Kano ko Katsina ko Damagaram ya san sanyi, amma sanyin da ya sani shi ne na hunturu, wanda ke zuwa da ƙura da bushewar leɓe, kuma maganinsa sananne ne tun kaka da kakanni: a ƙara riga kan riga, a rufe ƙofa da taga, a hura gawayi a kasko a shigo da shi ɗaki. Wanda ya ɗauki wannan ilimin ya hau da shi Tsaunin Mambila da damina, da niyyar kwana a tanti, zai tarar cewa dabarun nan uku kowacce tana iya juyowa ta cuce shi, domin sanyin can da ruwa yake tafe, kuma jiƙaƙƙen mutum ko riga goma ya jibga, rawar ɗari zai kwana yana yi. Aikin mai kwana a tanti a irin wannan wuri shi ne ya hana ruwa isa ga fatarsa, ko na sama ne, ko na ƙasa, ko wanda jikinsa da kansa yake fitarwa.

Mambila tana cikin Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, wadda hedkwatarta ke Gembu, kuma tudun yana da tsayin kimanin mita 1,600 daga doron teku. Wanda ya taso daga Jalingo zai bi ta Bali da Serti, sannan daga Mayo Selbe hanya ta fara nannaɗewa tana hawa har Maisamari da Nguroje, kuma tun a cikin mota zai ji iska ta sauya. A gefen tudun ne, kan iyakar Kamaru, Chappal Waddi yake, wanda tsayinsa ya kai mita 2,419, babu dutsen da ya fi shi tsawo a Najeriya. Yana cikin gandun dajin Gashaka-Gumti da aka kafa a 1991, saboda haka mai son hawansa yana buƙatar izini da ɗan jagora daga ma'aikatan gandun, waɗanda ofishinsu ke Serti. Damina a wannan yanki tana farawa da wuri, tun wajen watan Afrilu, ta kai har Oktoba, kuma ruwan da ke sauka a shekara ya kusa ninka na Kano. Maganar gaskiya, wanda bai taɓa kwana a tanti ba gara ya fara da rani. Amma ɗalibai masu bincike, da ma'aikatan safiyo, da masu duba lafiyar shanu, aiki ne ke zaɓa musu lokaci.

Yana da kyau a riƙe lissafi uku a ka, domin duk sauran dabarun daga gare su suka fito. Zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6.5 a ma'aunin Salshiyas a duk mita 1,000 da aka hau, wato wanda ya hau mita 2,000 daga inda ya taso ya yi asarar digiri 13 tun rana ba ta faɗi ba. Ruwa kuma yana kwashe zafin jiki da saurin da ya ninka na iska kusan sau 25. Jikin ɗan Adam yana aiki ne a kan digiri 37, idan zafin cikinsa ya sauka ƙasa da 35 an shiga haɗari. Ba sai ƙanƙara ta sauka ba kafin hakan ta faru: digiri 10 ya isa ya kayar da ƙato, in dai kayansa a jiƙe suke, iska na kaɗawa, cikinsa kuma babu abinci.

Tufafi

Mafi yawan abin da ke cikin akwatin Bahaushe auduga ce, kama daga singileti da shadda har wandon jins. Auduga tana da daɗi a ƙasar zafi saboda tana shan gumi ta riƙe shi a jikin fata tana sanyaya mutum, kuma wannan halin nata shi ne aibinta a kan dutse, domin idan ta jiƙe ba ta bushewa da wuri, balle a wurin da hazo ke wuni. Abin da ake nema shi ne foliyesta, da nailan, da ulu. Foliyesta ba ta riƙe ruwa sosai kuma tana bushewa da sauri, ulu kuwa ko ya ɗan yi laima yana ci gaba da riƙe ɗumi. Ba sai an kashe kuɗi mai yawa ba: a wurin 'yan gwanjo ana samun dukkansu, a dai duba ɗan ƙyallen da ke wuyan rigar ko gefenta, inda ake rubuta irin zaren da aka saƙa ta da shi. Rigar ƙwallo mai dogon hannu ma tana yin aikin rigar ciki sosai.

Ana sa kayan ne hawa uku. Na ciki siriri mai kama jiki, wanda ke janye gumi daga fata. Na tsakiya suwaita ta ulu ko rigar sanyi mai laushi ta foliyesta, ita ce ke tare iskar da jiki ya ɗumama. Na waje rigar ruwa mai hula da wandonta, masu tare ruwa da iska. Amfanin rabawar shi ne a iya cirewa a mayar gwargwadon aikin da jiki ke yi, kuma a nan ne sababbin zuwa suka fi yin kuskure. Mutum zai fito da asuba yana jin sanyi, ya saka duk abin da ya zo da shi, ya ɗauki jaka ya fara hawa, kafin rabin awa ya jiƙe sharkaf da gumi daga ciki, alhali ko ɗigo ɗaya bai sauko daga sama ba. Da zarar ya tsaya hutawa, wannan gumin ne zai zame masa ƙanƙara. Daidai shi ne a fara tafiya ana ɗan jin sanyi, domin minti goma na hawa zai kore shi, sannan duk lokacin da aka tsaya a yi maza a ɗora suwaita kafin jiki ya huce. Rigar ruwa ta roba irin ta 'yan acaɓa tana tare ruwan sama tsaf, amma ba ta barin tiriri ya fita, saboda haka mai sanye da ita ya rage sauri, ya riƙa buɗe zif idan ruwa ya tsagaita.

Akwai ƙa'ida ɗaya da ba a sassautawa a kanta. A ware kayan barci cikakku, wato rigar ciki, dogon wando, safa mai kauri da hular sanyi, a ƙulle su a leda, a saka ledar cikin wata ledar, kuma kada a taɓa su sai an shiga tanti an zuge zif. Da safe a cire su a mayar cikin ledarsu, a sake saka jiƙaƙƙun kayan jiya. Babu abin da ya kai wannan ɗaci a duk tafiyar, kuma zuciya za ta riƙa raɗa wa mutum cewa ya fita da busassun kawai, ai yau da alama ba za a yi ruwa ba. Wanda ya biye mata, daren na biyu ba shi da abin da zai kwana da shi. Jakar goyo ita ma kada a yarda da ita, ko mai sayarwa ya rantse ba ta shan ruwa. A zura babbar baƙar leda mai kauri a cikinta tun kafin a fara zuba kaya, a murɗe bakin a lanƙwasa, jakar barci kuma, wato bargon da aka ɗinka kamar buhu mutum ya shiga ciki ya kwanta, a ba ta ledarta daban.

Tanti da wurin kafa shi

Tantin da ya dace da damina mai ruɓi biyu ne: na ciki mai raga da yadi mai barin iska ta wuce, da rufin waje mai tare ruwa, wanda ya sauko kusa da ƙasa ta kowane gefe, da tazara tsakaninsu. Masu ƙera tanti suna rubuta ƙarfin tare ruwan yadin da milimita. Rufin da bai kai 1,500 ba, a bar shi, wanda ya kai 3,000 ya fi kwanciyar hankali, ƙasan tantin kuma ya kamata ya fi rufin ƙarfi, saboda gwiwa da gwiwar hannu suna matsa ruwa ya ratso ta ƙasa. A juya rufin a duba ɗinkunan, a ga ko an bi su da siririn tef ta ciki, domin ta hudar allura yoyo ke farawa. Ƙananan tantuna masu ruɓi ɗaya da ake sayarwa da araha an yi su ne don inuwa a bakin teku, ba za su yi marka ba. Kafin a bar gida a kafa tantin a tsakar gida, a sa yaro ya riƙa watsa masa ruwa da bokiti, mutum yana zaune a ciki yana lura. Ramin da aka gano a tsakar gida ya fi sauƙin toshewa fiye da wanda aka gano da tocila ƙarfe biyun dare. A haɗa da tamfol ɗaya mai matsakaicin girma da igiya mai tsawo, nauyinsu ba zai zama asara ba.

Zaɓen wuri ya fi ingancin tanti muhimmanci, kuma yana buƙatar haske, saboda haka a tsara tafiya yadda za a sauka kafin la'asar ta yi sakaliya. A kan tudun nan hazo na iya rufowa cikin 'yan mintuna har mutum ya kasa ganin abokinsa. Ido yakan so wuri mai laushi, shimfiɗaɗɗe, mai koriyar ciyawa a cikin kwari, kuma galibi wannan shi ne mafi munin wuri: ciyawar ta yi kore shar ne saboda nan ruwa ke kwanciya, sannan iska mai sanyi ta fi nauyi, da dare gangarowa take yi ta taru a kwari kamar yadda ruwa ke yi. Ƙoƙuwar tudu ita ma ba ta yi ba, saboda iska da aradu. Abin nema shi ne tsaka-tsakin gangare, inda ƙasa ta ɗan yi tozo, ruwa na bi ta gefe ya wuce, kuma akwai dutse ko kurmi da ke tare iska. A tsuguna a duba ƙasar: inda aka ga ganyaye da tsinkaye sun jeru a layi ɗaya, ko ciyawa ta kwanta ta fuska ɗaya, hanyar ruwa ce, ko da a bushe take a lokacin. Bakin rafi a nisance shi, domin ruwan da aka yi a can saman dutse, wanda mutum bai ma ji saukarsa ba, yana iya cika rafin cikin dare. Sunayen garuruwan yankin da yawa da Mayo suke farawa, wato kogi da Fulatanci, wannan kaɗai ya isa ishara. Kada a kafa a ƙarƙashin bishiya tilo saboda tsawa, ko ƙarƙashin dogayen bishiyoyin turare da suka cika tudun, waɗanda ke sakin rassa idan iska ta taso. Kada kuma a kafa a kan burtali, domin da sassafe shanu za su biyo hanyarsu. Idan kusa da gari ne ko ruga, a fara gaida jauro ko ardo a nemi izini, sau da yawa shi ne ma zai nuna inda ruwa ba ya kwanciya.

Idan ruwa ya riga ya sauko kafin a kafa, a fara ɗaure tamfol a sama tsakanin itatuwa biyu ko sanduna, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo don ruwa ya zurare, sannan a buɗe tantin a ƙarƙashinsa. Ƙofa ta ba iska baya. A kafa turaku a karkace, kansu na kallon nesa da tantin, kuma inda ƙasa ta yi laushi har turke na zarewa, a danne shi da dutse, ko a ɗaura igiyar a tsakiyar guntun itace a binne shi a kwance. Duk igiyoyin gefe a ɗaure su, kada a bar ko ɗaya tana lilo, domin su ne ke riƙe tazarar da ke tsakanin rufi da na ciki. Nailan yana saki idan ya jiƙe, saboda haka tantin da aka ja ya yi tsam da yamma zai yi laƙwas bayan awa ɗaya da fara ruwa. Kafin a kwanta a sake zagayawa a ƙara jan igiyoyin.

Shimfiɗar ƙarƙashin tanti kuwa, a kanta na sha wuyar da ba na mantawa. A kwanana na farko a wani tudu kusa da Nguroje, na shimfiɗa tamfol a ƙasa na ɗora tantin a kai, tamfol ɗin ya fi tantin faɗi da kamar taki ɗaya ta kowane gefe, ni kuwa ina ganin na yi dabara, ga wurin ajiye takalmi. Dattijon da ke mana jagora ya dube shi ya ce, "Malam, da ka naɗe bakin nan ciki." Na ce masa babu komai, Baba. Wajen ƙarfe uku na dare na farka na ji ƙasan tantin yana motsi a ƙarƙashin tafin hannuna kamar an cika salka. Duk ruwan da ya zuraro daga rufin, bakin tamfol ɗin ne ya tare shi ya tura shi tsakanin tamfol da ƙasan tantin, inda ba shi da hanyar nutsewa. Kafin asuba ya ratso, gindin jakar barcina ya jiƙe, na ƙarasa daren a tsugune a kan jakar goyo. Shimfiɗar ƙasa dole ta fi ƙasan tanti ƙanƙanta da kamar faɗin tafin hannu ta kowane gefe, abin da ya yi saura a naɗe shi ta ƙasa. Haƙa 'yar magudana kewaye da tanti, wadda tsofaffin 'yan sikawut suka saba, ba a buƙatarta idan wurin ya yi kyau, kuma a cikin gandun daji ɓata ƙasa ce.

Ruwan da ke fitowa daga cikin tanti

Mutane da yawa suna tashi da safe su ga rufin tanti yana ɗiga ta ciki, su ce tantin yoyo yake yi, alhali numfashinsu ne. Duk daren mutum yana fitar da tiriri ta hanci da fata, jiƙaƙƙun kaya ma suna fitarwa, kuma idan tiririn ya taɓa rufi mai sanyi sai ya koma ruwa, kamar yadda ake gani a murfin tukunya. A nan ne al'adar hunturu ta toshe kowace kafa take cutarwa. Tagogin iska da ke saman tanti a bar su a buɗe ko ana ruwa, an yi musu rumfa don haka, zif ɗin ƙofar waje kuma a ɗan sassauta shi ta sama. Tanti ba a yi shi don ya ɗumama mutum ba, aikinsa tare ruwa da iska, ɗumi kuwa daga shimfiɗa da jakar barci yake zuwa. Rigar ruwa da takalmi da duk abin da ya jiƙe su kwana a ɗan zauren da ke tsakanin ƙofar ciki da ta waje. A ajiye ƙaramin tsumma don goge rufin da asuba kafin a fara motsi, kuma a kula kada jakar barci ko kai su jingina da bango.

Maganar kasko kuwa ba ta da sassauci ko kaɗan. Gawayi, da risho, da tukunyar gas, duk suna fitar da iskar kabon monoksaid idan suna ci a rufaffen wuri. Ba ta da launi, ba ta da wari, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita. Alamunta ciwon kai ne, da jiri, da tashin zuciya, da kasala, waɗanda mai tafiya zai ɗauka gajiyar hawa ce, ya gyara kwanciya, mai barci kuwa ba ya ma jin komai. Garwashin da ya lafa ya yi toka a sama, wanda ake ganin ya mutu, yana ci gaba da fitar da ita. Ga kuma yadin tanti da ke kamawa nan take ya narke a jikin mutum. Girki a yi shi a ƙarƙashin tamfol a waje, inda iska ke ratsawa ta kowane gefe. Wanda ke son ɗumi a shimfiɗa ya dafa ruwa ya zuba a gora mai ƙarfi wadda murfinta ke rufuwa gam, ya zura ta cikin safa, ya sa ta tsakanin cinyoyi ko wajen ƙafafu, za ta yi awoyi tana aiki. Siririyar robar ruwan sha ta kanti ba ta jure tafasasshen ruwa, lanƙwashewa take yi. Masu gasa dutse su naɗe a tsumma su guji dutsen rafi, domin ruwan da ke cikinsa yana iya sa shi fashewa a wuta.

Shimfiɗa, abinci da alwala

Ƙasa ta fi iska satar zafin jiki, kuma bargo ko jakar barci ba sa hana ta, saboda nauyin mutum yana matse ɓangaren da ke ƙarƙashinsa har ya zama kamar zani. Tabarma ba ta tare komai, katifar soso kuma tana shan ruwa kamar ba gobe. Babbar katifar iska irin ta saukar baƙi ita ma sanyi gare ta, domin iskar cikinta tana zagayawa tana kai zafin jiki ƙasa. Abin da ya dace shi ne shimfiɗar roba mai kumfa wadda ba ta shan ruwa, ko katifar iska siririya da aka yi musamman da abin tare sanyi a ciki. Ana auna ƙarfinsu na tare sanyi da wata lamba da ake kira R, kuma 2 zuwa 3 ta wadatar a wannan yanki. Idan aka ɗora ɗaya kan ɗaya lambobin haɗuwa suke yi. Wanda bai samu ba ya shimfiɗa kwali ruɓi biyu ko uku cikin leda, ko ya cusa busasshiyar ciyawa a buhu. Mai bargo biyu ya sa ɗaya a ƙasa.

Jakar barci ta kirki tana ɗauke da lambobi uku na ma'aunin ƙasa da ƙasa da ake kira ISO 23537. Ta farko ita ce sanyin da za a yi barci cikin daɗi, ta biyu iyakar da namiji zai jure a dunƙule, ta uku kuwa ta tsira da rai ce kawai, kuma ita masu talla suka fi son nunawa. A yi aiki da ta farko, a nemi wadda ta nuna kimanin digiri 5 idan za a hau sama sosai. Mai cikin gashin agwagwa ta fi sauƙin ɗauka, amma idan ta jiƙe gashin yana cuɗewa ya daina aiki, saboda haka mai cikin foliyesta ta fi dacewa da damina. Kada a cusa fuska ciki ana numfashi, laima za ta taru a ciki. A sa hula, a ja igiyar wuyan jakar, a bar hanci da baki a waje. Idan jakar ta yi wa mutum yawa, a cusa busassun kaya a wajen ƙafafu don rage filin da jiki zai ɗumama. Waya da batir su kwana a ciki tare da mai su, domin sanyi yana zuƙe caji.

Jakar barci ba ta ƙirƙirar zafi, wanda jiki ya samar take tsarewa, jiki kuma da abinci yake hura wutarsa. A ci abinci mai zafi da maiƙo da dare, ko da gajiya ta hana jin yunwa: taliya da man shanu, kunun gyaɗa, ko shinkafa da wake da mai. Ƙuli-ƙuli da dabino da kilishi su kasance kusa da kai, domin wanda sanyi ya tasa tsakar dare, 'yar loma tana taimaka masa fiye da ƙarin riga. Shayi mai citta a fulas abokin tafiya ne, kuma a tudun da ake noman ganyen shayi a Kakara ba a rasa shi, amma kada a cika shi da dare har ya hana barci. A sha ruwa ko ba a jin ƙishi. A yi fitsari kafin a kwanta, idan kuma ya taso cikin dare a daure a fita, domin mai riƙe shi ba ya samun barci. Kafin a shiga jakar a ɗan motsa jiki, a tsuguna a miƙe sau goma ko ashirin, har a ji ɗumi amma ba a kai ga gumi ba.

Alwala tana buƙatar tsari. Idan ana dafa abincin yamma a ɗumama ruwan buta, a yi alwala a ƙarƙashin tamfol tun da sauran haske, a yi ƙoƙarin riƙe ta daga magariba zuwa lisha, ruwan asuba kuma a ajiye shi a fulas tun dare. A naɗe hannun riga sosai kada bakinsa ya jiƙe, kuma a tsane ƙafa da tawul har tsakanin yatsu kafin a mayar da safa. Ƙafar da ta wuni ta kwana cikin jiƙaƙƙiyar safa a sanyi tana yin fari, ta yamutse, ta mutu da jin taɓi, daga baya ta kumbura da azabar ciwo. Wannan cuta ta yi wa sojoji ɓarna ƙwarai a ramukan Yaƙin Duniya na Ɗaya, tsakanin 1914 da 1918, kuma ba ta buƙatar ƙanƙara. Kowane dare a wanke ƙafa, a busar, a shafa man kaɗanya, a sa busasshiyar safa marar matsewa. Idan za a fita zagayawa, a zura ƙafar da safarta cikin leda kafin a sa jiƙaƙƙen takalmi. Safar da ta ɗan yi laima kawai ana iya matse ta a kwana da ita a kan ciki, zafin jiki zai rage mata ruwa, amma wadda ke ɗiga a bar ta a zaure.

Idan sanyi ya kama wani

Wanda sanyi ya fara yi wa illa ba shi ne ke fara ganewa ba, saboda haka kowa ya sa ido kan ɗan'uwansa. Da farko rawar ɗari ce mai ƙarfi, sai yatsu su kasa zuge zif ko kunna ashana, sai tuntuɓe, sai magana ta fara sarƙewa, mai surutu ya yi shiru, ko mai haƙuri ya fara faɗa ba dalili. Idan rawar ɗarin ta tsaya alhali mutumin bai ɗumama ba, kuma yana neman barci, abin ya yi nisa. A shigar da shi tanti, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a tsane shi, a raba shi da ƙasa da duk shimfiɗar da ake da ita, a sa shi cikin jakar barci da hula. Gorar ruwan ɗumi da aka naɗe a tsumma a sa ta a ƙirji da hammata, domin tsakiyar jiki ake fara ɗumamawa. Kada a murza masa hannu da ƙafa, kada a kusantar da shi ga wuta, kuma a riƙa juya shi a hankali. Idan yana cikin hayyacinsa yana iya haɗiya, a ba shi shayi mai sukari da ɗumi, idan kuwa ba ya gane mutane, kada a ɗura masa komai, a tura mutum biyu neman taimako da abin hawa zuwa asibiti mafi kusa. Kada a dogara da waya a cikin kwazazzabai, saboda haka tun kafin a tashi a sanar da wani a gari hanyar da za a bi da ranar dawowa. Idan kayan barcin mutane sun jiƙe kuma babu alamar rana, a sauko, dutsen yana nan.

Da safe, idan ana ruwa, a tattara komai cikin jaka tun ana cikin tanti, a kwance na ciki a naɗe shi daban yana bushe, rufin waje kuma a kakkaɓe shi a sa a leda a ɗaure a bayan jaka. Duk lokacin da rana ta leƙo, ko na rabin awa ne, a tsaya a baza rufin da jakar barci a kan dutse, a danne da duwatsu kada iska ta ɗauke. Bayan an koma gida a rataye tantin a inuwa ya bushe sarai tun a ranar ko washegari, domin idan ya yi kwanaki a naɗe da laima zai yi fumfuna da wari, rufin da ke tare ruwan ya fara ɓarewa. Jakar barci kuma a ajiye ta a sake cikin babban buhu ko a rataye, kada a bar ta a matse cikin 'yar jakarta har wata daminar.